Masu Ɗiban Wuta a Gidan Kaka Tani

Ƙaura Namoda, ranar Talata

Zuwa ga taubashiyata Hussaina, a Shinkafi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, ko da yake ta fi ƙarfin baiwa irinki, zumunci ne ya sa na daure. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Wakili da yara. Mu nan ƙalau muke, sai maiɗakina Nadiya da ta yi 'yar mura, ta kuma warware. Tun da sabis ɗin waya ya ɗauke a wajenku na koma ɗan firamare, ga ni da biro da takarda. Bawa direbana ne zai miƙo miki wannan in ya kawo kaya kasuwarku ta Alhamis.

Bayan haka, albishirinki, kuma na yafe goron. Bana Allah ya sa wa motocina albarka, na ƙudurta gyara gidanmu na Zurmi tun daga zaure har makewayi. Abin da ya zaburar da ni, makon jiya na je gaida Kaka Tani, na same ta a madafar nan tata mai baƙin rufi, ta duƙa tana hura wuta, hayaƙi ya turnuƙe, idanunta sai ruwa suke yi. Matar da ta goyi ubana ta goyi uwarki, ta kuma riƙe ni bayan rasuwar Baba har na zama mutum. Ni kuwa ina Ƙaura ina taka tayil. Wallahi kunya ta rufe ni, tuwon ma kasa cinye shi na yi, kin kuwa san ni da tuwon Kaka.

Na yi magana da Maccido magini. Za a kware azara a buga kwano da silin, a yi wa ɗakuna filasta da fenti, a ja katangar bulo ta zagaye gidan. Madafar kuwa rushe ta za a yi, a tayar da kicin na zamani, da tayil da kantar girki da gas, da famfo daga tanki. Sai kuma 'yar kafar nan ta jikin katanga, wadda ake bi a faɗa gidan maƙwabciyarta Inna Lami, toshe ta zan yi. Kin dai san yadda matan unguwa suka mai da Kaka ashana. Gari bai gama wayewa ba, wannan ta shigo da kasko, waccan da murfin langa, wai ɗiban wuta, sannan su baje su cika mata kunne. Tsohuwa ta gaji, a bar ta ta huta.

Abu biyu nake nema a wurinki. Ki je ki ɗauko ta ta zauna wajenki har a gama, ki ce mata rufin ɗaki kawai za a gyara, don ina so in ga idonta ranar da ta ga kicin ɗin. Sannan ki ba ni shawara a kan tsarinsa, tun da ni iyakar sanina da kicin in leƙa in tambaya ko an sauke.

Ubangidanki,
Sha'aibu

Shinkafi, ranar Lahadi

Zuwa ga bawana Sha'aibu, mai mota biyu da baki goma.

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, ta sha baƙin mai a aljihun Bawa amma ta karantu. Muna lafiya gaba ɗaya. A gaida Nadiya, a ce mata Allah ya ƙara haƙuri, zama da kai ba ƙaramin aiki ba ne.

Wasa a gefe, Sha'aibu, na karanta na sake karantawa har na yi ƙwalla. Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Malam ma ya ce in gaya maka ka fitar da dangi kunya.

Jiya na je na ɗauko Kaka. Da na ce mata kai ne za ka gyara rufi, sai ta taɓe baki ta ce, "Shi angon nawa, sai da yag ga ɗaki zai hwaɗo mani sannan yat tuna yana da amarya?" Amma daɗi ya kama ta, na gani a bakin. Sallama da maƙwabta ta ci mana rabin yini. Ta taho da kujerarta 'yar tsugunno da muciyarta da ƙullin daddawa, wai ba ta yarda da daddawar Shinkafi ba.

To ga shawara, ka buɗe kunne. Kantar nan kada ta yi tsawo, gwiwoyinta ba sa ɗaukar tsayuwa, a yi ta daidai mai zaune. Tayil ɗin ƙasa a sa mai kaushi, ba mai santsin nan da kuke sawa don burga ba, in ta zame ni da kai ne. A fitar da taga babba. A bar wa randarta gurbi, don ko famfon zinariya ka kawo, ruwan randa za ta sha. Kada ka kuskura ka sa farin fenti, manja ba ya jin kunyar kowa.

Maganar kafa kuwa, ina bayanka. Lokacin da nake kwana ɗakinta ban taɓa morar barcin safe ba saboda sallamar masu kasko. A toshe.

Uwargijiyarka,
Hussaina

Shinkafi, ranar Alhamis da la'asar

Sha'aibu, gaisuwa a taƙaice, Bawa ya gama lodi yana jirana. Kowa lafiya, Kaka ma jikinta ƙalau, amma akwai magana.

Kada a toshe kafar nan, kada kuma a taɓa murhun. Na janye abin da na rubuta, ni da kai duk mun yi kuskure.

Tun da ta zo ba abin da ta rasa. Amma kullum bayan sallar asuba sai ta ja jiki ta fito tsakar gida, ta zauna ta fuskanci ƙofa har rana ta fito, sannan ta koma ɗaki. Abinci sai ta taɓa ta ture. Shekaranjiya ta sa aka samo mata duwatsu da itace, ta haɗa wuta a gefen rijiya. Da ta gama ta binne garwashin cikin toka, yadda take yi a gida. Da safe ta tone, wutar na nan da ranta, ta zauna tana jira. Ba wadda ta leƙo, don maƙwabtana kowace da gas ɗinta ko gawayinta. Can ta dube ni ta tambaye ni ko mu a garin nan ba ma gaisawa ne.

Na zauna kusa da ita na ce ai hutu ta samu, ba masu damun ta da ɗiban wuta. Ta kalle ni kamar na yi saɓo. Ta ce Inna Lami ba ta rabuwa da ashana, Saude ta bayan gidansu har laita gare ta. "Wa yag gaya miki wuta sunka rasa? Macce ba ta hita gida hakanan ta ce ta tahi zance. Amma in tac ce za ta ɗebo wuta, wa ka hana ta?"

Ka duba, Sha'aibu. Tun da gwiwoyinta suka ƙi, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, ko gaisuwar rasuwa sai dai ta yi aike. Wanda aka haifa, wanda ya dawo daga tafiya, wadda ɗanta ba shi da lafiya, duk a bakin murhun nan take ji, a nan kuma ake neman shawararta. Kafar ma ba ta Inna Lami kaɗai ba ce. Gidajen da ke bayan nata duk ta nan matansu ke ratsowa, ba sai sun yafa mayafi sun bi titi ba. In muka toshe muka miƙa mata gas, kurkuku muka gina mata mai tayil.

Ban gaya mata komai ba. Ka tsayar da Maccido don Allah.

Hussaina

Ƙaura Namoda, ranar Asabar

Zuwa ga baiwata Hussaina.

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, ke da mutanen gida da amaryata. Tun takardar shawarwarinki ban sake jin ɗuriyarki ba. Ko biro ya ƙare a Shinkafi? Bawa ma mako biyu ke nan ban sa shi a ido ba. Daga kasuwarku ya samu shatar kaya zuwa Jibiya, a can kuma mota ta kwanta masa, yana hannun bakanike.

Ni dai bakina ya ƙi rufuwa. Aiki ya yi nisa fiye da yadda na zata. Kwano ya hau, silin ya hau, katanga ta tashi sambal. Kafar nan ta zama tarihi, Maccido ya bi ta da filasta har ni kaina na kasa gane inda take. An rushe madafa, duwatsun murhu sun tafi cikin cikon harsashi.

Kicin kuwa sai kin gani. Tayil ruwan ƙasa mai kaushi, yadda kika ce. Don a samu awon kantar girkin na zauna a kan bulo ina tuƙa tuwon ƙarya da sanda, leburori na ta dariya, amma ta fito daidai. Randa ta samu gurbinta a kusurwa mai sanyi. Nadiya ta zaɓo tukwane masu sheƙi, har na ce mata kada ta yi kishi in ta ga na Kaka ya fi nata. Ranar da muka gwada famfo Maccido ya kanga fuska yana cewa ruwa bai hau ba, sai ga shi ya feso masa har cikin hula.

Kullum na tuna yadda za ta yi in ta shigo sai in ji kamar in tuƙo mota in ɗauko ta yau. Ki ci gaba da riƙe bakinki, na san wahala ce gare ki.

Ubangidanki,
Sha'aibu

Ƙaura Namoda, ranar Laraba

Hussaina,

Bawa ya dawo, ya zaro takardarki daga cikin takardun mota. Na karanta.

Kurkuku mai tayil. Wannan sunan aikina ya samu ke nan. Ni na yi ta zirga-zirga tsakanin Ƙaura da Zurmi a hanyar da kin san halinta, ke kina zaune a inuwa. Ke kika rubuta da hannunki a toshe, takardar na nan. Yanzu da filasta ta bushe, fenti ya hau, sai ki ce a tsaya. In Kaka ce ta ji labari ta ce ba ta so, ki faɗa mini kai tsaye, ki daina kewaye. Ni dai ba zan rushe katanga don masu tsegumi su samu hanya ba.

A gaida Malam.

Sha'aibu

Shinkafi, ranar Alhamis

Zuwa ga ɗan'uwana Sha'aibu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ka manta ba ka kira ni baiwa ba, a nan na gane ranka ya ɓaci da gaske. Kalmar nan ta yi nauyi, sauri ne da tsoro suka sa na rubuta ta, ka yafe mini. Aikinka ba wanda ya isa ya raina shi, balle ni da ban ɗauki ko bulo ɗaya ba.

Kaka ba ta san komai ba. Kullum tana sa maka albarka a kan rufi, tana kuma tambaya yaushe za ta koma. Ta rame kaɗan.

Ba ni da bakin ce maka ka rushe. Roƙo ɗaya nake yi. Ka je Zurmi ka kwana a gidan, in ka dawo daga sallar asuba ka zauna a tsakar gida inda take zama, har rana ta fito. Duk abin da ka yanke bayan nan na yarda, ba zan sake tayar da maganar ba.

'Yar'uwarka,
Hussaina

Zurmi, ranar Litinin

Zuwa ga baiwata Hussaina, wadda ta faɗi daidai sau ɗaya a rayuwarta.

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Na yi abin da kika ce, ba don kin isa ba. Na dawo daga masallaci na shimfiɗa buhun siminti na zauna a tsakar gida inda take zama a da. Gida ya yi kyau, Hussaina, ba yabon kai ba. Amma shirun ya yi yawa. Ta bayan katanga ina jin ana daka, ana dariya, wata na ƙwala wa wata kira, ni kuwa ina ciki kamar wanda aka rufe a tanki. Ban daɗe ba na fara tunanin tashi. Sai na tuna ita ba ta da motar da za ta hau ta bar wurin.

Ina nan zaune sai na ga kwano na tasowa ta saman katanga, da hannu a ƙarƙashinsa. Na miƙe na karɓa, koko ne da ƙosai. Na taka bulo na leƙa. Inna Lami ce tsaye a kan turmin da ta kifa, Saude na riƙe da ƙugunta kada ta faɗo. Tsohuwar da ta kusa sa'ar Kaka. Ta ji an ce na kwana a gidan, ita kuwa a wurinta ba a taɓa yin wanda ya kwana gidan Tani ya wayi gari da yunwa ba.

Na zaci faɗa za ta yi mini. Ko kusa. Ta shafa filastar ta ce, "Katanga ta yi kyau, ɗan nan, Allah shi biya. Wagga ko ɓarawo ba ya ƙetare ta, balle mu." Sannan ta tambayi yaushe Tani za ta dawo, wai labarai sun taru mata ta rasa inda za ta zuba su.

Na zauna na sha kokon. Da Maccido ya iso na ce a fasa. Ya dube ni ya dubi katanga, ya ce shi tun da yake gini bai taɓa ɗaga guduma a kan aikinsa ba, sai dai in fara da kaina. Na karɓa. Bugun farko guduma ta dawo da ni baya, leburori suka juya ƙeya kafaɗunsu na rawa. Amma na fasa. Da bulon farko ya faɗa ta can, sai guɗa ta tashi daga gidan Inna Lami, gidan baya ya karɓa, har wani ya leƙo daga titi yana tambaya ko haihuwa aka yi.

Ga sabon tsari. Ƙofa ce sosai za a yi a wurin, wadda mace za ta wuce da kwarya a ka ba ta sunkuya ba, kuma ba tudun da zai kama ƙafar tsohuwa. Kusa da kicin za a kafa rumfar kwano buɗaɗɗiya don iska ta riƙa kwashe hayaƙi, murhu a ƙarƙashinta, dakalin zama a gefe. Saude ta ba da duwatsu. Kicin kuma yana nan, don ranar ruwa da ranar gajiya.

Ki kawo ta Juma'a ta sama. Ni ba zan iso ba sai Lahadi, dole in bi mota zuwa Gusau. Tafin hannuna duk ya yi bororo, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ubangidanki har gobe,
Sha'aibu

Zurmi, ranar Asabar

Zuwa ga Sha'aibu sarkin guduma.

Assalamu alaikum. Mun iso jiya da hantsi lafiya, ina fatan wannan ta same ka a Ƙaura kafin ka taso. Ka yi asarar kallo, amma zan ba ka shi yadda ya faru.

Kaka ta tsaya a ƙofar gida ta ce direba ya ɓata hanya, wannan gidan wani attajiri ne. Da ƙyar na jawo ta. A ɗakinta ta daɗe kai a sama tana duban silin, tana neman inda ƙasa za ta riƙa zubo mata. Da muka je kicin ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ta murɗa famfo ruwa ya zubo, ta rufe, ta sake murɗawa, sai da na ce tankin ba kogi ba ne. Na kunna gas ta ja da baya tana a'uziyya, amma da ta ga ruwan shayi ya tafasa kafin ta gama gyara ɗaurin kallabi, ta ce wannan aljanin a bar shi, yana da amfani. Ta zauna a kujerarta ta ɗora hannu a kan kantar girkin, ta tambayi wanda ya auna ta tana barci. Albarkar da ta sa maka ta ishe ka har jikoki.

Daga nan muka fito rumfa. Ta zauna a gaban murhun, sabo fil, ko toka babu. Ta daɗe tana kallonsa, fuskarta ta canza. Ta ce a hankali tun ranar da aka kawo ta gidan nan wutarta ba ta taɓa mutuwa ba sai bana. Na ɗauko ashana.

Ban kai ga ƙyastawa ba aka yi sallama ta sabuwar ƙofa. Inna Lami ce da kasko, garwashi jajir a ciki, Saude da sauran mata na biye da ita, kowace da ɗan itacenta. Ta durƙusa ta juye a murhun ta ce, "Aje ashanag ga, ɗiyata. Tani, ga wutarki. Ran da kinka tahi niɗ ɗebe ta, tun sannan gida-gida taka kwana, ba mu bari tam mutu ba."

Kaka ta yi kuka, ni ma na yi, ba na jin kunyar faɗa. Saude ce ta hura. Ba a jima ba dakali ya cika, ana ta zuba labarai, ni ina jigilar shayi daga kan gas. Kuma asirinka ya tonu, don Inna Lami ba ta iya riƙe magana. Ta kwashe labarin toshewa da turmi da guduma ta ba ta, har ta miƙe tana kwaikwayon yadda ka yi baya-baya. Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki. Can sai ta sa na kama ta muka je bakin ƙofar. Ta shafa inda sabuwar filasta ta haɗu da ta farko, ta tambaye ni ko da gaske da hannunka ka fasa. Na ce da gaske.

Ga saƙonta, ta sa na maimaita mata don kada in rage. Gobe in ka iso, kada ka shigo ta zaure. Inna Lami ta ba ka izinin ratsa gidanta, ta ce ba wani baƙo ba ne kai, a bayanta ka sha yin barci. Kaka za ta fito tun da safe ta zauna a bakin murhu ta fuskanci ƙofar. Ta ce, "Ki ce mai ta nan nika son in ga ya shigo."

Uwargijiyarka,
Hussaina